Yadda Ɗan Arewa Zai Shirya Tafiya Dutsen Kamaru a Lokacin Sanyi

Da zarar damina ta ɗauke ƙafa, iskar hunturu ta fara kaɗowa daga arewa maso gabas, har hazo ya rufe gadar Binuwai da safe a Garwa, sai ka ji zancen matasa a majalisar shayi ya karkata ga inda za su nufa kafin bazara ta kawo jiki. A daidai wannan lokacin ne kuma talabijin ke cika mana ido da Turawa suna zamiya a kan dusar ƙanƙara a tsaunukan Faransa da Suwizalan da Italiya, musamman a shekarar gasar Olamfik ta lokacin sanyi, irin ta 2026 a Milan da Cortina. Wanda Allah ya hore masa, yana kuma son ya taka ƙanƙarar da ƙafarsa, ba sai ya fita Afirka ba, domin akwai filin zamiya a Ukaimedan ta ƙasar Maroko, kimanin kilomita 75 daga Marakesh. To amma yawancinmu ba mu da kuɗin wannan hanya, kuma ba mu rasa namu wasan na lokacin sanyi ba. Muna da Dutsen Kamaru, muna da tseren da ake yi a kansa duk watan Fabrairu, kuma ɗan Garwa ko Marwa ko Kusiri ko Njamena zai iya zuwa da katin shaidarsa da sefarsa, ba tare da biza ko canjin kuɗi ba.

Na hau dutsen sau biyu, na kuma tsaya a filin wasa na Molyko da ke garin Buea na kalli tseren da idona. Ban taɓa shiga tseren ba, saboda haka abin da zan faɗa a kansa na mai kallo ne wanda ya san hanyar da 'yan tseren ke bi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na ga 'yan'uwanmu da yawa suna tashi da tunanin cewa wanda ya saba da sanyin asubar Janairu a Marwa ya san sanyi, wanda kuma yake buga ƙwallo a ranar Afrilu ya fi ƙarfin kowane dutse. Wannan tunanin shi ne ke kayar da mutanen Arewa tun ba su kai rabin hanya ba.

Dutsen yana yankin Kudu maso Yamma, garin Buea na zaune a gindinsa, teku kuma na bayansa. Awon baya-bayan nan ya ba shi tsawon mita 4,040, ko da yake tsofaffin littattafan makaranta sun rubuta 4,095, kuma ko ta wane awo aka bi babu dutsen da ya kai shi a yammacin Afirka. Dutse ne mai aman wuta wanda bai mutu ba, ya yi aman a 1999 da 2000. Bakweri, masu ƙasar, suna kiransa Mongo ma Ndemi, ƙololuwarsa kuma Fako. An fara tseren a 1973 da tallafin kamfanin Guinness, daga baya ya koma hannun hukumar wasannin guje-guje ta ƙasa, aka sa masa suna Tseren Fata Nagari. Ana tashi daga filin Molyko, a hau har ƙololuwa, a sauko a dawo filin, tafiyar kimanin kilomita 38, hawan kuma ya haura mita 3,000. Gwanayen maza sukan gama cikin awa huɗu da rabi ko kusa da haka, abin da mai hawa na yau da kullum ke yi cikin kwana biyu. A ɓangaren mata, Sarah Etonge ta ci sau 7, har aka yi mata laƙabi da Sarauniyar Dutse.

Kafin komai, ka zauna ka yanke wa kanka hukuncin abin da zai kai ka. Mai zuwa kallo ba ya bukatar fiye da kuɗin hanya da masauki da rigar sanyi guda. Mai son hawa, ya kwana a kan dutse ya kai ƙololuwa, shi ne yawancin bayanin nan ya shafa. Mai son shiga tseren kuwa, hanyarsa ta bi ta reshen hukumar guje-guje na yankinsa, inda ake tantance 'yan tsere, sannan likita ya duba shi kafin a ba shi lamba. Shawarata ga duk ɗan Arewa ita ce kada ya shiga tseren a shekarar da ya fara ganin dutsen. Ya hau shi da ƙafa tukuna, ya san inda tsakuwa ke zamewa da inda numfashi ke yankewa, baɗi ya dawo da lamba a ƙirji. A 2024 wani gogaggen ɗan tsere daga Kenya ya yanke jiki ya faɗi bayan ya gama, kuma bai tashi ba. Allah Ya kiyaye, amma wanda ya ji wannan ya san ba wasan yara ba ne.

Zaɓen rana

A shekarun nan ana yin tseren ranar Asabar a ƙarshe-ƙarshen Fabrairu, kuma hukuma ce ke sanar da ranar kowace shekara, don haka kada ka yanki tikiti sai ka ji sanarwa. Hawan dutsen kuwa ana yin sa tun daga Nuwamba har zuwa Maris, lokacin da ruwa ya tsagaita. Wajen nan ba kamar namu ba ne: ƙauyen Debundsha da ke bayan dutsen yana samun ruwan sama kusan milimita 10,000 a shekara, abin da ya ninka na Garwa kusan sau goma. Mai shiga dajin dutsen da damina yana wahalar da kansa ne kawai.

Sai maganar azumi, wadda ta fi komai shafarmu a waɗannan shekarun. Lissafin kalanda ya sa farkon Ramadan na 2026 a wajen 18 ga Fabrairu, na 2027 kuma a wajen 8 ga Fabrairu, ke nan tseren yana faɗawa cikin watan azumi. Alƙur'ani ya yi wa matafiyi rangwame, wannan kowa ya sani, amma ko tafiyar wasa ta isa ta sa ka ajiye azumi, wannan tambaya ce da za ka kai wa malaminka, ba abokan tafiyarka ba. Abin da zan iya faɗa daga jikina shi ne, ba a hawan Fako da baki a ɗaure. Idan hawa kake so, ka mai da tafiyarka Disamba ko Janairu, ka dawo gida ka tarbi wata. Idan kallo ne kawai, za ka iya yi da azuminka.

Akwai kuma ranakun da ba a shiga Buea ko fita daga cikinta. Tun da rikicin yankunan masu magana da Ingilishi ya ɓarke a ƙarshen 2016, ranar Litinin ta zama ranar zaman gida a garuruwa da yawa na can, shaguna a rufe, motoci a ajiye. Kwanakin da ke kewaye da 11 ga Fabrairu, ranar matasa, su ma sukan zo da zaman ɗarɗar. Ba zan ɓoye ba, a tseren 2023 wasu abubuwa sun fashe kusa da farkon hanya, mutane kusan 20 suka jikkata, ko da yake an ci gaba da tseren. Ka tsara isarka tsakanin Talata da Juma'a, da rana tsaka, kuma kafin ka tashi daga gida ka kira wani da yake zaune a can, ba wanda ya ji a bakin wani ba.

Horon jiki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata uku shi ne mafi ƙarancin abin da jiki ke bukata, wato mai son hawa a Janairu ya fara tun Oktoba. Matsalarmu ita ce ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kuma tana ƙasa: Garwa ba ta wuce mita 250 daga bakin teku ba, Njamena wajen 300, Marwa wajen 400. Ƙafarmu ta saba da nisa, ba ta saba da hawa ba, huhunmu kuma bai san iskar sama ba.

A watan farko ka yi tafiyar ƙafa mai sauri, awa ɗaya, sau huɗu a mako, da jakar da za ka hau da ita a bayanka, ka sa mata gorunan ruwa har nauyinta ya kai kilo biyar ko shida. A wata na biyu ka nemi hawa ko ta halin ƙaƙa. Mutumin Garwa yana da tsaunukan Tingilin a arewacin gari. Mutumin Marwa yana da duwatsun da suka kewaye shi, yana kuma da yashin Mayo Kaliyawo, wanda da rani yake bushewa ƙayau, kuma gudu a cikin yashi mai laushi yana ƙarfafa sha-raɓa da cinya fiye da kwalta. Mutumin Njamena da Kusiri ba shi da dutse kusa, sai ya nemi bene mai hawa uku ko huɗu ya riƙa hawa da sauka na rabin awa, ya haɗa da yashin bakin Shari ko Logon. Tsaunukan Mandara da na Rumsiki sun dace da horon ƙwarai, sai dai sun yi kusa da iyaka, kuma tun 2014 ba ko'ina ake shiga a can ba sai da bincike.

Abin da yawanci ake mantawa shi ne saukowa. Hawa yana cinye numfashi, saukowa kuma tana cinye gwiwa, kuma ciwon da zai hana ka durƙuso a salla na kwana uku bayan ka dawo daga saukowa yake zuwa. Duk tudun da ka hau a horo, ka koyi saukowa daga kansa da gajerun taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ba tare da ka saki jiki ya ja ka ba. A wata na uku ka yi doguwar tafiya ta awa biyar zuwa shida sau ɗaya a mako, mako na ƙarshe kuma ka huta.

Hunturu na taimakon mai horo da sanyin safiya, amma yana cutar da shi da ƙura. Ranar da hazo ya yi kauri har rana ta zama kamar faifai fari, kada ka yi gudu a waje, domin tarin da za ka kwasa zai bi ka har kan dutse. Ka sha ruwa ko ba ka ji ƙishi ba, iskar nan tana shanye jiki a ɓoye. Sannan ka je asibiti a auna jininka da bugun zuciyarka. Mai hawan jini da mai asma su nemi iznin likita. Mai sikila kuwa, ina roƙonsa ya tsaya a kallo, saboda ƙarancin iska da sanyi da bushewar jiki su ne ainihin abubuwan da ke tayar da ciwon, ko mai ɗauke da rabin jinin ma ya kamata ya gaya wa likita inda zai je.

Kaya da takardu

Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kimanin digiri shida da rabi. Ka tashi daga Buea da zufa a goshi, ka kwana a inda sanyi ke kusan daskarar da ruwa, ga iska mai ƙarfi da ba ta da abin tare ta. Dabarar ita ce riguna uku a jere, ba ƙatuwar riga guda ba: ta ciki mai laushi irin ta 'yan ƙwallo wadda ba ta riƙe zufa, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa. Ka guji auduga a jikin fata, domin idan ta jiƙe da zufa ba ta bushewa, da ka tsaya hutawa sai ta zama kamar an lulluɓa maka jiƙaƙƙen tsumma. Duk waɗannan ana samun su a layin 'yan gwanjo na babbar kasuwar Garwa ko ta Marwa, kuma sun fi araha kafin Disamba ta shigo kowa ya fara neman rigar sanyi. Ka haɗa da hular sanyi mai rufe kunne, safar hannu, safar ƙafa mai kauri guda uku, tocila mai ɗaurin goshi, da man kaɗanya don leɓe da hannu. Rawani ko kadamul ɗin da muke naɗawa saboda ƙura yana da amfani a can fiye da yadda kake zato.

Takalmi shi ne abin da ba a yi masa rowa. Ka sayi mai ƙasa mai gurzago, wanda ya ɗan fi ƙafarka girma don kada yatsu su riƙa dukan gaba a saukowa, ka kuma yi horon wata biyu da shi. Za ka ga wasu 'yan tseren can da takalmin roba suna gangarowa kamar awaki, kada ka yi koyi da su, a kan dutsen aka haife su.

Takardu ba su da yawa, amma rashin ɗaya yana iya ɓata tafiya gaba ɗaya, domin shingayen jandarma da 'yan sanda a hanyar Kudu maso Yamma ba sa wasa. Ɗan Kamaru ya riƙe katin ɗan ƙasa wanda bai mutu ba. Ɗan Cadi ya riƙe fasfo ko katinsa, ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin tsakiyar Afirka da Kamaru da Cadi ke ciki, sun soke biza a tsakaninsu tun 2017, kuma ya tabbata an yi masa rajistar shigowa a gadar Ngeli. Kowa ya ɗauki katin allurar shawara. Ka ɗauki hoton kowace takarda a waya, ka bar kwafi a gida. Kuɗi kuwa ka raba su: kaɗan a aljihu, ƙananan takardu saboda canji, sauran a Orange Money ko MTN. Wanda ya taso daga Cadi ya sani cewa layinsa na gida ba zai yi masa wannan aikin a Buea ba, sai ya yanki layin Kamaru tun a Kusiri. A lissafin guzuri ka rubuta kuɗin zuwa da dawowa, masauki, abinci, kuɗin shiga gandun, ladan ja-gora da ɗan dako, sannan ka ɗora sulusi a kai saboda abin da ba a tsara ba. Mutum huɗu ko biyar suna raba ladan ja-gora da ɗaki, kuma adashen wata uku ya isa ya haɗa musu kuɗin ba tare da kowa ya ci bashi ba.

Hanya

Daga Kusiri zuwa Marwa kimanin kilomita 260 ne ta Waza da Mora, kuma wannan yanki da rana ake bin sa. Daga Marwa zuwa Garwa wajen 210, daga Garwa zuwa Ngaundare wajen 280, inda mota ke hawa gangaren nan mai lanƙwasa kafin ta shiga gari, kunnenka ya toshe, iska ta sauya. Mutanen kudancin Cadi suna da gajeriyar hanya daga Mundu ta Tuboro. A Ngaundare jirgin ƙasa na Camrail yake jira, ya tashi bayan magariba, ya kwana yana tafiya kimanin kilomita 620, ya shiga Yawunde da hantsi idan bai makara ba. Akwai kujerun aji na biyu da na ɗaya, akwai ɗakunan kwana masu gado huɗu da masu gado biyu. Mai zuwa hawan dutse ya daure ya biya gado, domin daren da aka kwana a zaune yana fitowa a ƙafa bayan kwana biyu. Ka binciki ranakun tashin jirgin a tasha, ka yanki tikiti tun da wuri da katinka a hannu.

A tafiyata ta farko na yi lissafin in tashi daga Garwa da safe in kama jirgin yamma. Motar wani ajans da aka ce za ta tashi ƙarfe bakwai ba ta motsa ba sai wajen sha ɗaya, ta kuma lalace a hanya, muka iso Ngaundare an daɗe da yin isha'i, jirgi ya tafi da kuɗin gadonmu. Tun daga ranar nake gaya wa kowa ya iso Ngaundare kwana biyu kafin jirgi. Ba asara ba ce, riba ce: garin yana kan tsawon kimanin mita 1,100, darensa da sanyi, kuma akwai dutsen da ke garin wanda za ka hau da safe ka gwada takalminka da numfashinka. A nan ne kuma za ka sayi kilishi da zumar Adamawa. Mai son jirgin sama yana da Camair-Co daga Garwa ko Marwa, amma ya tuna cewa hazon hunturu yakan hana jirgi sauka, kada ya ɗora tafiyarsa a kan ranar ƙarshe.

A Yawunde, wanda yake da ɗan'uwa a Birketeri, unguwar Hausawa, ya huta kwana ɗaya. Daga nan motocin Duwala suna tashi daga unguwar Mvan, tafiyar kimanin kilomita 240. Daga Duwala a haye gadar Wuri zuwa Bonaberi, a bi ta Tiko da Mutengene, kilomita 70 ko kusa da haka, a sauka a tashar Mile 17 da ke ƙofar Buea. Idan sama ta washe, tun daga Tiko za ka ga dutsen ya tokare gabanka, kansa a cikin gajimare. Faransanci da Fulatanci ba su da kasuwa sosai a nan, Ingilishi da buroka ake yi, amma ba za ka rasa mai jin Hausa ba a wurin masu tsire da mahauta da masallaci, kuma su ne za su nuna maka masauki mai aminci da inda za ka ci abinci hankali kwance.

A kan dutse

Tun 2009 dutsen ya zama gandun da gwamnati ke karewa, ba a shiga sai da izni da ja-gora mai rajista. Kada ka yarda da wanda ya tare ka a tasha ya ce zai kai ka da rahusa. Ka je ofishin gandun ko kamfanin yawon buɗe ido da aka sani, a rubuta sunanka, a ba ka rasit, ku yi yarjejeniya a kan kwana nawa, da wanda zai ɗauki ruwa, da wurin kwana. Ka kwana biyu a Buea kafin ka fara.

Hanyar tseren ita ce mafi gajarta kuma mafi tsayuwa. Ana shiga daji daga saman gari, a bi ƙarƙashin manyan itatuwa masu gansakuka har bukka ta farko, wadda ja-gorori ke kira Hut 1, a wajen mita 1,850. A nan za ka cika duk gorunanka, domin daga nan sama dutsen yana shanye ruwa, ba rafi ba rijiya. Ka ƙiyasta lita uku ga kowane mutum a kowace rana, ban da na dafa shayi. Ba da jimawa ba daji yake yankewa kamar an sa wuƙa, sai ciyawa da baƙin dutse, kuma hawan da ke tsakanin nan da bukka ta biyu, a wajen mita 2,850, shi ne mafi wuya a duk hanyar, har wani wurin sai ka dafa da hannu. A bukka ta biyu ake kwana. Ka ci abinci mai ɗumi ko ba ka jin yunwa. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, garin rogo da sukari, da shayi a fulas sun fi duk wani abincin gwangwani amfani a hanya.

Game da salla, matafiyi yana da kasaru. Da asuba ruwan gora yana yanka fata kamar reza, kuma shi ne ruwan shanku, saboda haka ka koyi hukuncin taimama tun a gida. A mazhabarmu ta Malikiyya dutse yana cikin abin da ake taimama da shi, dutse kuwa ba ya yankewa a can.

Daga mita 2,500 zuwa sama ne ciwon tsauni ke kama mutum, domin a ƙololuwa abin da huhu ke samu na oksijin bai wuce kimanin kashi 60 cikin 100 na abin da yake samu a bakin teku ba. Ba ya duba ƙarfi ko ƙuruciya. A hawanmu na farko ina tare da ƙanena, wanda ya fi ni gudu nesa ba kusa ba, shi ne ma a gaba tun daga daji. Mun bar bukka ta biyu da duhun asuba, muna dab da ta uku, a wajen mita 3,750, sai na ga ya zauna a kan wani baƙin dutse ya dafe kai da hannu biyu. Ya ce, "Yaya, kaina kamar ana sara da gatari, amma mu je, saura kaɗan." Na miƙa masa dabino, ya kai baki, ya dawo da shi. Da ya miƙe sai na ga takunsa yana karkacewa, leɓensa ya yi duhu. Ja-goranmu, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya dube shi sau ɗaya ya nuna ƙasa da sandarsa. Ƙanena ya ce, "Yaya, kai ka ƙarasa, ni zan jira a nan." Na ce masa, "Inna ta damƙa min kai a ƙofar gida, tare za mu sauka." Kafin mu iso bukka ta biyu ciwon kan ya sake shi, ya sha shayi kofi biyu, ya yi barci.

Alamun ke nan: ciwon kai mai tsanani, tashin zuciya ko amai, jiri, tangaɗi, ruɗewar magana, da numfashin da ba ya daidaita ko an huta. Maganinsu saukowa ne, nan take, kuma ba a barin mai ciwon shi kaɗai ko a tura shi ƙasa ba rakiya. Ku yi wannan alkawarin tun a Buea, kafin ƙololuwa ta bayyana a gabanku, zuciya ta fara kawo uzuri. Sannu ba ta hana zuwa: taku gajere, numfashi a jere, hutu kaɗan-kaɗan ba mai tsawo ba. A shekara ta biyu da muka ƙara kwana ɗaya a hanya, mu biyun muka kai. Sama babu itace, babu ciyawa, sai baƙar tsakuwa da iska mai ture mutum, gajimare kuma a ƙarƙashin ƙafarmu kamar an baza auduga a filin kamfanin auduga na Sodecoton. Ba a daɗewa a can, minti goma ko sha biyar, a yi hoto, a yi hamdala, a juya.

Idan ka haɗa hawa da kallon tsere, ka sauko aƙalla kwana biyu kafin Asabar, saboda ana share hanya ana kuma girke jami'an tsaro da ma'aikatan lafiya a kanta. Ranar tseren ka isa Molyko da sassafe, da katinka, ba tare da babbar jaka ba, domin ana bincike a ƙofa. Bayan an tashi, filin yakan koma kiɗa da raye-rayen gargajiya, har wajen hantsi babba a fara jin ihu daga saman gari yana gangarowa, alamar na farko ya shigo kwalta. Ka tsaya har matan su iso, da dattawan da ke shigowa bayan awa bakwai ko takwas, gwiwoyinsu duk jini, mutane na kiran lambarsu.

Lahadi da safe ka kama hanyar Duwala, kada Litinin ta same ka a can. Tikitin jirgin dawowa ka yanke shi tun ranar da ka sauka a Yawunde. Kudu tana da sauro duk shekara, saboda haka ka kwana cikin gidan sauro a duk inda ka sauka, kuma idan zazzaɓi ya taso maka cikin makonni biyu da dawowa, ka je a gwada jininka, kada ka ɗauka gajiyar dutse ce. Tsaraba kuwa, shayin Tole ana noma shi a gefen Buea, ayaba da abarba suna jira a tashoshin da jirgi ke tsayawa cikin dare, mata na ɗaga su a tire zuwa taga, sai ka tanadi canji a aljihun gaba.